Filin Tambaya da Amsa: Wace a-kori-kura ce za ta iya da tirelar tafi-da-gidanka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da godiya a kan ƙoƙarin da ake yi a wannan fili. Ni mazaunin birnin Houston ne a jihar Texas ta Amurka. Ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku muna da niyyar sayen tirelar tafi-da-gidanka, irin wadda goshinta ke hawa kan bodin a-kori-kura a ɗaure ta a can, domin mu riƙa fita yawon buɗe ido lokacin hutun makaranta. Wadda muka gani muka so, nauyinta ba kaya laba 10,500 ne, iyakar nauyin da aka yarda ta kai idan an loda ta kuma laba 13,000. Ina da a-kori-kura ajin rabin tan, littafinta ya ce tana iya jan laba 13,000, a jikin ƙofar direba kuma akwai wata takarda da aka rubuta laba 1,650. Mai sayar da tirelar ya ce motata za ta ja ta ba tare da wata matsala ba. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, wace mota ya kamata in nema, kuma mai dizal ko mai fetur? Daga wani mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a yi tafiye-tafiyen lafiya, ya kuma raya zuri'a. Amsata a taƙaice ita ce motarka ba ta dace da wannan tirela ba, kuma hujjar tana cikin lambobin da kai da kanka ka aiko. Mai sayar da tirelar ya duba abin da motar za ta iya ja ya bar abin da za ta iya ɗauka, alhali a wannan nau'in tirela ma'aunin ɗauka ne ke fara cika tun kafin a zo maganar ja.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa su. Ana kafa wani farantin ƙarfe mai tsaga a tsakiyar bodin motar, daidai saman aksil na baya ko ɗan gaba da shi kaɗan, a ƙarƙashin goshin tirelar kuma akwai wata ƙatuwar ƙusar ƙarfe mai kaurin inci biyu da ke shiga tsagar ta kulle. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda kan tirela ke ja da baya ya shige ƙarƙashin bodinsa a garejin manyan motoci ya ga wannan tsari, domin iri ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Amfaninsa a bayyane yake: tirelar ba ta yawan kaɗa wutsiya idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce, kuma ana iya karya kwana mai tsanani da ita fiye da wadda ake ratayawa a bamba. Sai dai goshin tirelar ba shi da tayoyin kansa, saboda haka wani babban kaso na nauyinta yana zaune ne kacokan a bayan motarka. Wannan kaso yakan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar, kuma masu wannan harka sukan yi lissafi da kashi 20.

To mu yi lissafin da lambobinka. Kada ka yi shi da laba 10,500, domin wannan nauyin tirela ce kamar yadda ta fito daga masana'anta, babu ruwa a tanki, babu tukunyar iskar gas, babu tukwane da buhun shinkafa da barguna da kekunan yara. Ruwa kaɗai, kowane galan yana da nauyin laba 8.3, tankin galan 60 ke nan ya kusa laba 500. Iyali mai mutum biyar ba ya tafiya da ƙaramin kaya, kuma ma'ajiyar kaya mafi girma a irin waɗannan tireloli tana can gaba ne, kusa da ƙusar, inda kusan duk abin da aka zuba motar ce za ta ji shi. Saboda haka a ɗauki laba 13,000. Kashi 20 cikin ɗari nasa laba 2,600 ne. A ƙara nauyin farantin da ƙarafan da ke riƙe shi, wajen laba 200. A ƙara kai da uwargida da yara uku, mu ƙaddara laba 650, sannan akwatin kayan gyara da kular ruwan sanyi da 'yan jakunkuna, laba 150. Jimla laba 3,600 ke nan, wato kimanin kilo 1,630. Takardar da ke jikin ƙofarka kuwa ta ce duk abin da za a ɗora wa motar, mutane da kaya gaba ɗaya, kada ya wuce laba 1,650. Ka ga nauyin ya ninka abin da aka yarda mata har da ɗoriya, kuma ƙusar tirelar kaɗai ta zarce shi tun ba wanda ya shiga mota.

Wannan takarda ta jikin ƙofa, mai launin ruwan ɗorawa da fari, wadda kuma ke ɗauke da ma'aunin iskar taya, ita ce abin da nake so ka riƙe fiye da duk wata talla, domin an buga ta ne saboda wannan mota guda, bayan an lissafa duk abin da aka sa mata a masana'anta. Kusa da ita akwai wata takardar mai haruffan GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, da GAWR, wato iyakar nauyin da kowane aksil zai ɗauka. Na baya shi ne abin kula, saboda nan tirelar ke zama. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a takardun talla kuwa yawanci ta mota ce mai ƙofa biyu, mara giyar tayoyi huɗu, mara kayan ƙawa. Da zarar an ƙara kujerun baya, da giyar tayoyi huɗu, da rufin gilashi, da kujerun fata masu lantarki, kowane ɗaya yana cin rabonsa daga abin da motar za ta ɗauka. Shi ya sa za ka ga motoci biyu masu suna ɗaya a fili ɗaya, amma tsakanin takardunsu akwai ratar ɗaruruwan laba.

Ba ina cewa lambar ja ƙarya ba ce. Akwai ƙa'idar gwaji da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta shimfiɗa, mai lamba J2807, wadda manyan kamfanonin ke bi. Cikin gwajin har da hawan tudun Davis Dam a kan babbar hanya mai lamba 68 a jihar Arizona, tafiyar mil 11.4, cikin zafin da bai gaza digiri 38 a ma'aunin Salsiyos ba, na'urar sanyaya mota tana kunne har ƙarshe. Gwaji ne mai tsanani, kuma yana nuna cewa inji da giya da lagireto za su jure. Amma ana lissafa shi ne da direba da fasinja guda, kowannensu laba 150, babu iyali babu kaya. Motarka tana iya motsa tirelar, har ta yi gudu da ita a shimfiɗaɗɗiyar hanyar Houston. Abin da ke damuna shi ne tayoyin baya da za su yi zafi a ƙarƙashin nauyin da ya fi ƙarfinsu, da bayan mota da zai durƙusa ƙasa, da birkin da za a nema cikin gaggawa yara suna zaune a baya.

Za ka ji wasu suna cewa a sa jakunkunan iska ko ƙarin sifirin a baya, magana ta ƙare. Waɗannan suna ɗaga bayan mota ta daidaita a ido, kuma suna da amfani ga motar da nauyinta ke cikin ƙa'ida, amma ba sa ƙara wa aksil ko taya ko birki ƙarfi, ba sa kuma canza lambar da ke jikin ƙofa.

Yanzu ga motar da za ka nema. A Amurka an kasa waɗannan motoci aji uku da tsofaffin sunaye: rabin tan, kamar Ford F-150 da Chevrolet Silverado 1500 da Ram 1500 da Toyota Tundra, kashi uku cikin huɗu na tan, wato F-250 da masu lamba 2500, sai tan ɗaya, wato F-350 da masu lamba 3500. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa aji na biyu ya isa kowace tirela, a nan kuma ake yawan yin kuskure mai tsada. Da yawa daga cikin motocin wannan aji, musamman na shekarun baya, iyakar nauyinsu laba 10,000 ne, motar kanta kuma idan mai dizal ce mai ƙofa huɗu da giyar tayoyi huɗu takan doshi laba 8,000. Abin da ya rage bai fi laba dubu biyu da 'yan kai ba, kai kuwa kana neman 3,600. Sababbin fitowa akwai waɗanda aka ɗaga musu iyakar, mai fetur daga cikinsu kuma tana iya kusantar abin da kake buƙata, amma za ka zauna a bakin iyaka babu sarari.

Shawarata ita ce ka nemi ajin tan ɗaya mai taya ɗaiɗai a baya, wadda takardar ƙofarta ta nuna laba 4,000 ko sama da haka. Girman jikinta kusan ɗaya ne da na aji na biyu, injin ɗaya ne, bambancin kuɗinsu kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin motar gaba ɗaya, amma sifirin na baya ya fi ƙarfi kuma iyakar nauyinta ta fi yawa. Sararin laba 400 da za ka samu ba almubazzaranci ba ne, domin yaran nan girma suke yi, kaya kuma ƙaruwa yake yi kowace shekara. Kada ka yarda da abin da aka gaya maka ta waya ko aka rubuta a shafin talla na intanet; ka je ka buɗe ƙofar direba ka karanta da idonka, ka ɗauki hoton takardar.

Mai tayoyi bibbiyu a baya ta fi kowace natsuwa a hanya, iyakar nauyinta yakan kai laba 14,000, kuma da tirelarka ta kai laba 15,000 ko 16,000 da ita zan ce ka saya ba tare da wata-wata ba. A naka nauyin ba dole ba ce, kuma tana da nata wahalhalu: faɗinta ya kusa ƙafa takwas, shiga wurin ajiye motoci na kanti ko na masallacin Juma'a da ita aiki ne, ga tayoyi shida da za a riƙa canzawa. Akwai kuma maganar lasisi. A Texas, idan jimlar iyakar nauyin mota da tirela ta kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, ana buƙatar lasisin aji A wanda ba na kasuwanci ba. Mota mai 14,000 da tirela mai 13,000 sun ba da 27,000, sun haye layin ke nan, alhali mai taya ɗaiɗai mai iyakar 11,500 za ta ba da 24,500. Ka tuntuɓi ofishin lasisin tuƙi na jihar kafin ka biya kuɗi, domin kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya, misali, irin wannan tirela idan ta wuce laba 15,000 ita ma sai da lasisin aji A.

Game da dizal ko fetur, amsar ta danganta da inda za ku riƙa zuwa. Kowane kamfani mai ƙera ajin tan ɗaya yana da duka biyun: Ford na da Power Stroke mai lita 6.7 na dizal da mai lita 7.3 na fetur da ya fito a 2020, Chevrolet da GMC na da Duramax mai lita 6.6 da na fetur mai lita 6.6, Ram kuma an san ta da Cummins mai lita 6.7 da Hemi mai lita 6.4. Dizal ya fi ƙarfin ja tun inji bai ɗaga murya ba, ya fi tsimin mai idan ana jan kaya, kuma da yake yana da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba ya rasa ƙarfi sosai a kan duwatsu, inda injin fetur mara tabo ke rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu ta tsayi. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne birkin salansa da ke zuwa da dizal, wanda ke toshe hanyar hayaƙi ya sa injin ya riƙe motar a gangara. Idan kuna da niyyar zuwa Kolorado, ku bi babbar hanyar I-70 ku fito daga ramin Eisenhower, inda hanyar ta ratsa cikin dutse a tsayin sama da ƙafa 11,000, gangarar da ke biye doguwa ce mai tsanani, kuma wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai a can da tan shida a bayansa zai ji ƙaurin birkinsa tun bai kai ƙasa ba.

Amma dizal yana ƙara kusan dala dubu goma a kan kuɗin sabuwar mota, gyaransa ya fi tsada, yana shan ruwan DEF na tace hayaƙi, matatar hayaƙinsa kuma ba ta son gajerun tafiye-tafiye na kai yara makaranta a dawo. Ga shi kuma ya fi injin fetur nauyi da ɗaruruwan laba, waɗanda duk daga ma'aunin ɗauka ake cire su. Idan fitarku sau uku ko huɗu ce a shekara, zuwa bakin teku a Galveston ko tuddan da ke kewayen Austin da San Antonio, sauran kwanakin kuma motar zuwa aiki ce, babban injin fetur zai yi maka aikin laba 13,000 lafiya lau, sai dai za ka ji ƙararsa a hawa kuma za ka yawaita tsayawa gidan mai. Idan kuwa yamma za ku riƙa nufa kuna keta duwatsu, ka sayi dizal.

Akwai hanya ta biyu da ba na so ka raina, wato ka bar motarka yadda take ka sauya tirela. Da laba 1,650, bayan an cire iyali da kaya saura 850, kuma wannan ya fi dacewa da matsakaiciyar tirela ta ratayawa a bamba, wadda ke ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta kawai. Kuɗin da za a kashe a sabuwar mota zai iya biyan hutu na shekaru.

Kowace ka zaɓa, ka tabbata motar tana da na'urar sarrafa birkin tirela da soket mai baki bakwai a cikin bodi, kuma idan ka sami wadda aka yi wa ramukan kafa faranti tun daga masana'anta ka huta da huda bodi. Bayan ka haɗa su kun loda kaya kamar za ku tafi, ka nufi sikelin auna manyan motoci na kamfanin CAT da ake samu a manyan gidajen man da tireloli ke tsayawa. Kuɗi kaɗan za ka biya, a ba ka takarda mai nuna nauyin aksil na gaba, da na baya, da na tirela, kowanne daban, ka gwada su da lambobin jikin ƙofa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni a Kaduna nake, ina da Toyota Hilux mai ƙofa huɗu. Idan na yi odar irin wannan tirela daga Amurka, za ta iya ja? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Barka kadai, Malam. Irin manyan da ake ƙerawa a yankin Elkhart na jihar Indiana, inda mafi yawan tirelolin Amurka ke fitowa, sun fi ƙarfin Hilux nesa ba kusa ba. Hilux mota ce mai juriya, amma abin da take ɗauka yana wajen tan ɗaya ne har da mutanen ciki, mafi ƙarfinta kuma tana jan kilo 3,500, alhali tirelar da muka yi lissafi a sama ta kusa kilo 5,900. Bodin mai ƙofa huɗu kuma gajere ne, wajen mita ɗaya da rabi, aksil ɗin yana kusa da kan motar, saboda haka babu isasshen fili na juyawa. Ana ƙera ƙanana marasa nauyi a Birtaniya da Ostareliya domin motoci irin taka, kuma can ya kamata ka duba. Ka kuma tuna cewa wayoyin lantarkin tirelar Amurka na bolt 120 ne, namu kuwa 230.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya sami F-350 ta hannu mai kyau a nan Calgary ta ƙasar Kanada, amma bodinta gajere ne, bai kai ƙafa bakwai ba. An ce mana dole sai mai ƙafa takwas. Mu haƙura da ita ne? Daga wata mai karatu a Calgary.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba dole ba ne ku haƙura, amma wanda ya gaya muku haka yana da dalili. Faɗin tirelar ƙafa takwas ne ko ɗan fiye, wato daga ƙusar zuwa kowane gefe ƙafa huɗu. A bodi mai ƙafa takwas, tazarar da ke tsakanin faranti da gilashin baya ta isa kusurwar goshin tirelar ta wuce ko da an karya kwana sosai. A gajeren bodi kuwa tazarar ba ta kai ba, kuma ranar da maigida ke ja da baya yana ƙoƙarin shiga ƙunƙuntar wurin zango, hankalinsa yana kan madubi, kusurwar tana iya dukan gilashin baya ta farfasa shi, har ta lotsa ƙarfen kan motar.

Maganin da aka saba shi ne faranti mai zamewa, wanda ke ja da baya a kan dogayen ƙarafa idan za a yi kwana mai tsanani. Akwai na hannu, wanda sai direba ya sauka ya zare makulli kafin ya juya, akwai kuma mai zamewa da kansa duk lokacin da tirela ta karkata. Na fi son na biyun duk da tsadarsa, domin na hannu yana dogara ne da tunawar mutumin da ya gaji bayan tuƙin yini guda. Ku sani cewa mai zamewa ya fi na kullum nauyi, sai ku cire wannan daga lambar jikin ƙofa. Sababbin tireloli da yawa kuma an zagaye musu kusurwoyin goshi saboda gajerun motoci, wanda ke ƙara sarari, amma kada ku dogara da maganar baki. Ku haɗa su a fili mai faɗi, maigida ya riƙa juyawa a hankali, ke kina tsaye a gefe kina kallon tazarar, domin ku san iyakar kwanar da za ta yiwu.

Tun da motar ta hannu ce, ku duba ko mai ita na da ya ɗaga ta ko ya sa mata manyan tayoyin ado. Tayoyin su kasance masu ɗaukar nauyi, ajin E ko sama, kuma lambar nauyin da ke jikin tayoyin baya biyu idan aka haɗa kada ta gaza iyakar aksil ɗin. Motar da aka ɗaga takan sa goshin tirela ya yi sama, nauyi ya koma kan tayoyinta na ƙarshe. Idan an haɗa su a shimfiɗaɗɗen wuri, tirelar ta tsaya daidai ba karkata, kuma tsakanin saman bangon bodin da ƙasan goshinta a sami tazarar inci shida aƙalla, domin idan ta gaza haka za su gogi juna a duk lokacin da motar ta hau tudun shiga gidan mai ko ta faɗa kwari a hanyar zango.